Daren da Na Hana a Gaishe da Baba

Da asubar Talatar da ta wuce muka tashi daga Jega, ni da taubashina, ɗan gwaggona. Masu bin wannan shafi sun saba ganin hotunan ɗinki ne a wurina, to yau ba riga zan nuna muku ba. Sakkwato muka nufa, gida, kuma abin da ya kai mu shi ne keken mahaifina.

Ga yadda maganar take. Baba yana sayar da goro a ɗan shagonsa da ke Gawon Nama, gidanmu kuma yana Minanata. Tun kafin a haife ni da keke yake zuwa, da keke yake dawowa, kuma ba ya rufe shago sai bayan isha'i, domin a lokacin ne masu cin goro suke fitowa. A watan jiya ya faɗa kwata da dare, ya kurje gwiwa da gefen fuska. Ya ce wani ɗan kabu-kabu ne, wato mai haya da babur, ya matse shi. Babban yayanmu da ke aiki a Abuja ya rubuta a zauren hirarmu na waya cewa ƙarshen wata zai zo ya ɗauke keken, a rufe shagon, Baba ya zauna gida ya huta. Duk wanda ya san Baba ya san cewa ranar da aka raba shi da keken nan da shagon nan, an gama da shi ke nan, ko da yana numfashi.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, firamare na gama na shiga ɗinki, amma na tsani a yanke wa mutum hukunci babu shaida. Na ce a bari mu gani da idonmu. Taubashina yana ɗaukar hoton biki, yana da wata 'yar kyamara kamar akwatin ashana, irin wadda ake ɗaurawa a ƙirji ko a kai, tana ɗaukar duk abin da ke gaban mutum yana tafe. Muka shirya cewa zan hau keke in bi Baba a baya da dare, kyamarar ta ɗauki yadda masu ababen hawa suke yi masa. In laifinsu ne, a bar masa kekensa. Yaya ya yarda. Baba ma ya yarda, ya ce a waya, "Ku zo ku gani, in ba ku gaji da wahala ba."

A tasha kuɗin mota ya sake tashi, har wani dattijo ya tambayi direba ko jirgin sama ne za mu hau. Direba ya ce jirgi ba ya ɗaukar buhun albasa. Ni dai tunda muka zauna nake lalubar jakar kyamarar, ina tsoron kada zafin inji ya lalata ta, domin kayan aro ne. Taubashina ya gaji, ya ce, "Sarkin tsoro, an sha shiga da ita cikin gulbi ta hito lahiya, sai hannunka ne zai kashe ta."

Hanyar ba ta da laifi sosai, in ban da ramukan da direbobi suka haddace kamar sunayen 'ya'yansu. A Aliero warin albasa ya shigo motar tun kafin mu ga garin. A Tambuwal muka tsaya, muka ci masa da ƙosai mai zafi, na sayi fura don Inna, sannan na kama damuwa ko za ta yi tsami kafin mu isa. Muka wuce Shagari, muka wuce Bodinga, rana ta fara dukan rufin mota. Wanda bai taɓa shiga Sakkwato da bazara ba, kada ya ce mini ya san zafi. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take fitowa. Kafin azahar muna ƙofar gida.

Inna ta tarbe mu da ruwan randa da hoce da miyar yakuwa. Hoce wata waina ce ta dawa, mai ƙarfi, in ka ci biyu ka gama da yunwa har dare. Na tambaye ta Baba, ta ce yana shago, ƙafar ta warke. Na tambaye ta ko tana ganin laifin 'yan kabu-kabu ne. Ta kalli gefe, ta ce, "Ku dai duba da kyau." A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Bayan la'asar na je Gawon Nama. Unguwar tana nan yadda na bar ta, sai dai ta ƙara cika. Masu kankana sun jera kaya har bakin kwalta, masu cajin waya sun kafa rumfuna, babura masu ƙafa uku suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ko da a tsakiyar titi ne. Na sami Baba yana yayyafa wa goro ruwa, yana zaɓar masu ƙwari yana warewa. Da rana idonsa ras, har ya nuna mini zaren da ya fita a wuyan rigata, ya ce, "Tela, kai ma?" Haka yake kirana. Keken yana jingine a bango, baƙi, mai kariya a baya, an goge shi yana sheƙi.

A nan ne na yi abin da ya kusa jawo mini nadamar da ba ta ƙarewa. Ni mutum ne mai tsoron haƙƙi. Tun a mota nake tunanin cewa kyamarar nan ba motoci kaɗai za ta ɗauka ba, za ta ɗauki fuskokin mutane da muryoyinsu ba da saninsu ba, har da matan aure masu wucewa. Sai na ce wa kaina dole in bi hanyar da ƙafa in nemi izini. Na fara daga mai faci da ke kusa da shago, na wuce wurin mai kankana, na wuce wurin masu caji, har na kai wurin mai shayi da ke daidai kwanar da ake barin babban titi. Duk inda na tsaya magana ɗaya nake yi. Ni ɗan Baba mai goro ne, zan wuce da kyamara bayan isha'i, wanda ba ya so a ɗauke shi ya kauce. Sannan na ƙara da cewa don Allah kada kowa ya yi wa Baba magana a daren nan, kada a ɗauke masa hankali, so nake a ga motoci kawai yadda suke yi masa.

Mai faci ya ajiye guduma ya dube ni. Masu caji suka dubi juna. Mai shayi, wani dogo mai furfura a gemu, ya tsaya da kofi a sama.

"Kada mu gaishe shi?"

"Na daren yau kaɗai," na ce.

"Ko sallama?"

"Ku yi haƙuri, aiki ne za mu yi."

Ya daɗe yana juya shayin da ya riga ya juyu. Sannan ya ce, "To. Kai ne ɗanshi."

Na so in ci gaba har Minanata, amma aka kira magariba. Na yi niyyar in mun wuce kwanar mai shayi in kashe kyamarar, tunda waɗanda ke gaba ban nemi izininsu ba.

Bayan isha'i taubashina ya ɗaura mini ita a ƙirji da wani maɗauri kamar majanyi, ya danna, wani ɗan jan haske ya fara ƙiftawa. Ya ce na yi kama da rago da aka rataya wa laya, ya hau kabu-kabu ya tafi gida cin tuwo. Ni kuma na hau keken da na aro wurin maƙwabcinmu. Baba ya kulle shago, ya ɗaure huhun goro a kariya, ya yi bisimilla, ya taka.

Jama'a, titin Sakkwato da dare wani gari ne daban. Fitilun titi wasu suna ci, wasu sun mutu, sai ka fita daga haske ka faɗa duhu kamar an rufe ka da bargo. Motoci suna kunna babbar fitila a fuskarka, babu ruwansu. Na ga babur ɗauke da mutum huɗu ba fitila, sai tocilan waya da na baya ya ɗaga. Na ga mai kura ya tsallaka da jarkokin ruwa bai waiwaya ba. Zuciyata tana bugawa har ina tsoron kyamarar za ta ɗauki ƙararta. Amma ina murna a ɓoye, domin ga shaida tana taruwa.

Sai dai Baba ba ya tafiya yadda na san shi. Muka zo wurin mai faci, mutumin ya sunkuyar da kai. Baba ya rage gudu kamar yana jiran wani abu, ya juya kai hagu da dama, sannan ya wuce, tayarsa ta hau kan wata tsohuwar taya da ke gefen hanya, ya yi tangal-tangal. Wurin mai kankana shiru. Baba ya kaɗa ƙararrawa alhali babu kowa a gabansa. Wurin masu caji shiru, duk sun zuba mana ido. Keken Baba ya fara barin gefen titi yana shiga tsakiya kaɗan-kaɗan. Na ce a raina ko gajiya ce.

Da muka doshi kwanar mai shayi, inda ya kamata ya karya dama, Baba bai karya ba. Ya miƙe. Kuma daga gabanmu ga tifa ta taho cike da yashi, fitila ɗaya, tana hon. Baba yana tafe kai tsaye zuwa gare ta, a hankali, kamar mai zuwa masallaci. Na buɗe baki in yi ihu, wallahi murya ta ƙi fita. 

Sai na ji wata murya ta tsaga titin. Mai shayi ne, ya yi tsalle ya bar teburinsa, yana ihu iya ƙarfinsa.

"Baba mai goro! An wuni lahiya!"

Nan take Baba ya karya kan keken zuwa inda muryar ta fito. Tifar ta wuce, iskarta ta ɗaga masa babbar riga, yashi ya watso mini a fuska, yaron mota yana zagi. Baba ya shiga kwanar lafiya, har ya ɗaga hannu ya ce, "Lahiya lau, ya kasuwa?" kamar babu abin da ya faru. Ni kuwa na ce a raina wannan wane irin mutum ne, ana batun mutuwa yana gaisuwa.

Tsoro ya sa na manta da kashe kyamarar. Daga kwanar nan zuwa gida, inda ban nemi izinin kowa ba, Baba ya koma Baban da na sani. Mai tsire ya gaishe shi, ya amsa. Wata dattijuwa mai awara ta gaishe shi, ya amsa. Mazauna wata majalisa suka haɗa baki suka gaishe shi. Yana tafe sumul, yana kauce wa ramuka tun kafin ni in gan su. Abin da ya ɓata mini rai kawai wani ɗan kabu-kabu ne da ya manne mini a baya ba fasinja, yana ta hon, yana cewa, "Malam, kauce! Kauce mana!" Ga hanya fetal amma ya ƙi wucewa. Daga baya ya kutsa tsakanina da Baba, ya bi shi a hankali har bakin lungunmu, sannan ya juya. Na ce madalla, ga irin masu matse tsoho nan, kyamara ta kama shi.

A gida ban iya cin tuwo ba. Da Baba ya shiga ɗaki, muka zauna a zaure ni da taubashina, ya juye hoton a wayarsa. Da farko yana ta dariyar yadda numfashina yake fita kamar na akuya. Da aka zo wurin tifa dariyar ta tsaya. Muka kalli sauran har ƙarshe. Ya mayar baya, muka sake kallo. Sannan ya ce, "Kai, saurara da kunne, bar kallon motoci."

Na saurara. Mai tsire bai gaishe da Baba don ya zo kusa da shi ba, ya jira sai da ya kusa wani tudun da aka yi a titi, yana gaisuwar Baba yana taka birki. Mai awara tana gaisuwa tana jan bencinta da ƙafa daga hanya, kuma muryarta tana fita Baba ya karkata hagu, ya bar wani rami a damansa. A majalisa wani ya tashi da sauri ya ture wani bulo da ke kan hanya, ya koma ya zauna kafin su gaishe shi. Duk gaisuwa tana da wurinta. Duk gaisuwa akwai kwana ko rami ko kwata a bayanta.

Ɗan kabu-kabun kuma, da muka duba ƙasa, sai muka ga hasken fitilarsa yana sauka daidai gaban tayar Baba. Abin da ke tare hasken baƙar inuwa ce mai faɗi, inuwata. Shi ya sa yake cewa in kauce.

"Kawu ba ya gani da dare," in ji taubashina, a hankali. "Dundumi ne. Da kunne shika tuƙi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.  Mahaifina yana ratsa wannan titi kowane dare, ba ya ganin ƙasa, muryoyin mutane yake bi. Ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya da rana, da ladabina, na roƙe su su yi shiru. Da mai shayi ya cika mini alkawari, da yanzu zaman makoki muke.

Ban runtsa ba. Wayata tana ta haske, yaya yana tambaya a zauren hirarmu na waya, "Ina hoton?" In na tura, na tona abin da Baba yake ɓoyewa, kuma keke ya tafi. In na ce kyamara ba ta ɗauka ba, na yi ƙarya, kuma duk abin da ya same shi gobe yana wuyana. Na yi alwala, na yi nafila, na koma na kwanta, na sake tashi. Har aka kira assalatu ban sami mafita ba.

Da gari ya waye na tafi wurin mai shayi. Yana ganina ya zuba mini shayi ban tambaya ba, ya yanka burodi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun daminar bara suka lura, ranar da Baba ya yi wa turken wuta sallama. Babu wanda ya tara su, babu wanda ya ce a yi kaza. Mai faci ne ya fara ɗaga murya in zai wuce, na gaba ya gane, na gaba ma ya gane. 'Yan kabu-kabun bakin kwana kuma, duk wanda ba shi da fasinja a lokacin, shi ke raka shi da fitila. Daren da ya faɗa kwata, mai shayi ya tafi ƙauye jana'izar ƙanwarsa, wanda ya bar wa teburin bai san zancen ba.

Na ce, "To don me ba ku gaya mana ba? Jiya ma da na zo, don me ba ka ce mini komai ba?"

Ya ce, "Mi za ni ce? In dubi ɗan mutum in ce tsohonka ba ya gani? Shi bai hwaɗi ba, mu mu hwaɗi? Mutumin ga shi ya ba ni goron ɗaurin aurena. Da ka ce a yi shiru, mun zaci kun sani ne, gwada shi za ku yi. Ni dai na kasa."

Na koma gida da hantsi. Baba yana zaune ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, yana sa wa sarƙar keke mai. Na durƙusa. Na yi ta neman ta inda zan fara, ban samu ba, sai kawai na miƙa masa wayar taubashina, na ce ga aikin jiya. Ya goge hannu, ya karɓa, ya matso da ita kusa da fuska.

Da aka zo wurin tifa, ya ce, "Subhanallahi. Haka ta matso?" Bai sani ba. Ya ji iska kawai. Da aka zo wurin mai awara tana jan benci da ƙafa, ya ce a mayar. Aka mayar. Da aka zo wurin wanda ya ture bulo, ya ce a mayar. Da ɗan kabu-kabu ya shiga gaban kyamara, ya tsura masa ido.

"Wane ne wannan?"

Na ce ban san shi ba, amma an ce kullum akwai mai raka shi.

"Ni ina ta yi masu faɗa a raina," in ji shi. "Ina cewa yaran ga ba su da tarbiyya, ga hanya sun ƙi wucewa."

Ya ajiye wayar a cinya.  Inna tana tsaye a bakin zaure, babu alamar mamaki a fuskarta, a nan na gane ta daɗe da sani. Ban taɓa ganin hawaye a idon Baba ba, ranar ma ban gani ba, amma gemunsa yana motsi. Can ya ce, "Tela, na ɗauka ni ke ɓoye masu. Ashe su ke ɓoye mini."

Na ce, "Baba, yaya yana jiran hoton. Ban san abin da zan yi ba."

Ya ce, "Kira mini shi."

Da bakinsa ya gaya wa yaya komai, ni ina riƙe da wayar. Ya ce ba ɗan kabu-kabu ne ya ture shi ba, Allah ya yafe masa wannan magana, idonsa ne ba ya aiki in rana ta faɗi. Ya ce daga yau zai rufe shago kafin magariba, kuma zai je a duba idon. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Amma keke, ba mai taɓa mini shi. Dare na bari, ban bar keke ba."  Sai muka ji yaya ya ce, "To Baba. Allah ya ƙara lafiya." Muryarsa ba daidai take ba.

Washegari muka kai shi asibitin ido. Layi ya yi tsawo, zafi kuma ba a magana, amma mun ga likita. Ya ce yanar ido ce ta fara rufe idanun, kuma ana aikinta, ya ba mu ranar dawowa. Baba ya tambaye shi ko bayan aikin zai iya hawa keke da dare. Likita ya ce a bari a yi aikin tukuna. Baba ya ce wannan ba a'a ba ce.

Da la'asar ɗin ranar ya ɗaure goro a kariya, manya farare waɗanda yake ajiye wa masu ɗaurin aure, ya ce in biyo shi, ba da kyamara ba. Muka bi hanyar da rana. Duk inda ake gaishe shi da dare ya tsaya, ya sauka, ya damƙa goro. Bai ce na gode ba, su ma ba su tambayi na mene ne ba. Mai awara ta ce, "Baba, yau da wuri?" Ya ce, "Daga yau da wuri." Ta ce, "To mu wa za mu riƙa gaisarwa?" Ya ce ta gaishe da mijinta, aka yi dariya. A bakin kwana ya tambayi 'yan kabu-kabu wane ne na shekaranjiya, kowa ya nuna na kusa da shi, sai ya ba su duka.

Ni kuma na bi waɗanda na ɗauka ba izini ina neman gafara. Mai tsire ya ce ya yafe da sharaɗi ɗaya, in gaya masa ko ya fito da kyau. Na ce hayaƙi ya rufe shi. Ya ce to bai yafe ba. Daga baya ya yafe, har ya ba ni tsinke biyu. Hoton kuwa Baba ya ce a goge, kada fuskar matan mutane ta yi yawo, kuma a gabansa taubashina ya goge. Shi ya sa ba za ku gan shi a nan ba. Labarin ma sai da na tambaye shi kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, tunda dai ya tabbata shi ne na ƙarshe da ya ji.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka kamo hanyar Jega. Motar ta fi ta zuwa matsi, an ɗora mini kwandon tattabaru a ƙafa tun daga Bodinga, taubashina yana barci da baki buɗe. Ni dai ina ta tunani. Na je Sakkwato da kyamara don in kama masu laifi a titi, kuma akwai su, tuƙin dare a garin nan abin tsoro ne, duk mai hawa keke ya nemi fitila mai kyau da riga mai haske. Duk mai tsoho a gida kuma ya lura da idonsa, kada ya jira ya faɗa masa, domin ba zai faɗa ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tafi neman izinin mutane don kada in ɗauki haƙƙinsu, ban tsaya na tambaye su abin da suka sani ba. Na ga sun dubi juna, na wuce.

Mun iso gida lafiya bayan magariba. A daren na buɗe shago don in ƙarasa wani ɗinki da na bari. Akwai wani dattijo mai sayar da itace da ke wucewa ta gaban shagona a keke kowane dare, shekara da shekaru, ban taɓa ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Gaba kaɗan da shagona akwai kwata marar murfi. Da na ji ƙarar sarƙarsa, na tsayar da ɗinki, na leƙa, na ɗaga murya na ce, "Baba, barka da dare!"

Ya amsa, ya wuce. Ban sani ba ko yana gani ko ba ya gani. Jiya ma na gaishe shi.